Amsoshin Tambayoyinku: Kafin ku biya kuɗin Seven Samurai

Tambaya: Mai tura finafinai a unguwarmu ya sa min Seven Samurai a waya, amma awa biyu da ɗan abu ya ƙare. An cuce ni ne? (Mai karatu daga Zariya)

An cuce ka, malam. Fim ɗin da Akira Kurosawa ya fitar a Japan a 1954 minti 207 ne, kusan awa uku da rabi, har da hutu a tsakiya. Gajerun kwafi sun daɗe suna yawo, don tun a wancan lokaci an datse shi kafin a kai shi ƙasashen waje.

Abin da ke ba ni haushi da mu ke nan. Mutum zai tsaya ya murza shadda, ya ɗaga ta a rana kafin ya biya, amma fim sai ya miƙa waya ya ce "zuba min", ya tafi. Duba tsawon fayil ɗin a gaban mai shagon. Buɗe tsakiya ka ga ko rubutun fassara yana tafiya daidai da magana. In hoton ya dushe, bar masa kayansa. Daɗin fim ɗin yana cikin wuraren da ba a gaggawa: manoman ƙarni na 16 suna cin gero don su ciyar da shinkafa ga samurai, wato mayaƙan da suka ɗauko su kare ƙauyensu daga 'yan fashi, dattijo Kambei, wanda ya zama jagoran mayaƙan, yana aske kansa ya yi shigar limamin Buddha don ya ceto yaro daga hannun ɓarawo, daga baya yana soke da'ira ɗaya a takarda duk lokacin da aka kashe ɗaya cikin 'yan fashi 40. Wanda bai zauna da waɗannan ba, yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama da taɓo ba zai taɓa masa zuciya ba.

Tambaya: Akwai mai kala? (Daga Maraɗi)

Babu. Baƙi da fari aka ɗauke shi. In kala kake so, nemi Ran na 1985, shi ma na Kurosawa.

Tambaya: Finafinan Indiya na saba kallo, kuma ba ni da saurin karanta rubutun ƙasan allo. Ina tsoron in ƙona data a banza. (Ɗaliba daga Kano)

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. In kin kalli Sholay na 1975, kin san hanyar: an ɗauko mayaƙa su kare ƙauye daga 'yan fashi. Toshiro Mifune, mai fitowa a matsayin Kikuchiyo, ɗaya daga cikin mayaƙan Seven Samurai, da jikinsa yake magana, ko ba ki karanta ba za ki gane shi. Ki sauke fim ɗin da garaɓasar datar dare, ki raba kallon gida biyu a wurin hutun. Amma kada ki kalla a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Ki roƙi aron kwamfuta ko talabijin.