Ke da tikitinki, ni da John Drake

Amarya, saƙonki ya iso, sai da ƙanenki ya ƙara wa rubutun girma kafin na iya karantawa. Wai kin sa hoton tikitin jirginki a WhatsApp, uwarki ta yi miki tas, shi ne kike tambaya ko ɓoye tafiya addini ne, ko tsoron mayu, ko kuwa duk gidanmu 'yan leƙen asiri ne. Na yi dariya har da tari. Da ya ce mini waɗanda suka ga hoton sun fi masu sallar asuba a masallacinmu yawa, sai dariyar ta tsaya.

Leƙen asirin nan da kika ambata ya mayar da ni 1965, ina Landan wajen kwas, ina haya a gidan wata tsohuwar Baturiya. Talabijin ɗinta baƙi da fari ce, kuma ba ta yarda a yi motsi in an sa Danger Man. Patrick McGoohan ne ke fitowa a matsayin John Drake, jami'in asiri da ake aikawa ƙasa-ƙasa, yau malamin makaranta, gobe ɗan kasuwa. Abin da ya sa na saki jiki da shirin, mutumin ba ya yawo da bindiga, ba ya sumbatar matan mutane, shi McGoohan ɗin ne ya ƙi. Rikodarsa ma a cikin injin aske gemu take. Zai zauna da maƙiyi su sha shayi, ya kwashe duk abin da ke cikinsa, shi kuwa ko sunansa na gaskiya bai bari ba.

Wani dare ana sanyi kamar ƙashi zai tsage, an rutsa Drake a wani ɗaki, sai wuta ta ɗauke ɗif. Mitar gidan irin mai cin sule ce. Tsohuwa na lalube a jaka cikin duhu, tana mita, sai ta ce ta ga shuɗiyar wasiƙa ta zo mini, ya matata? Na ce lafiya lau. A lokacin kakarki na da cikin ubanki wata takwas. Da sulen ya faɗa, Drake ya riga ya kuɓuta, har yau ban san ta inda ya bi ba.

Bayan 'yan makonni waya ta zo an haihu. Tsohuwar nan ta riƙe ƙugu: wata shida muna cin abinci tebur ɗaya, ko tari ban yi mata ba! Ta tambayi sunan yaron. Ɗan fari, ina ni ina faɗa? Sai na rubuta mata a bayan ambulan. Tun ranar har na bar gidan, Mista Drake take kira na.

Kakana da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ko matansa ba su sanin ranar tashin ayari sai sun ga ana ɗaura wa jakuna kaya. Cewa yake ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ɗan fashi kunne gare shi a kasuwa. Inna kuwa tata ɗaya ce, baki shi ke yanka wuya. In kina son ta malamai, karanta farkon Suratu Yusuf ki ji abin da Annabi Yakubu ya ce wa ɗansa a kan mafarkinsa. Maganar mayu ki bar wa uwarki, ita ta fi ni sanin wa take nufi.

Ku yanzu ko kunu aka dama sai duniya ta gani kafin a kurɓa. Ga shi duk gari ya san ranar tashinki, ni mijinki sai a bakin ƙanenki na ji. Ki zo ki yi mini sallama ranar Juma'a bayan la'asar, ki taho da goro fari.