Filin Kayan Da: Tulun kaka mai hatimin Ajami

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Da aka zo rabon gadon kakanmu, wanda ya yi aikin gwamnati a Kaduna tun zamanin Jihar Arewa, wani tulu ya faɗo a kasona. Nauyi gare shi sosai, jikinsa na ƙyalli kamar tangaran, launinsa duhu-duhu, an zana masa ƙadangaru da kunamu. Can ƙasa kusa da gindi akwai ɗan hatimi da rubutun Ajami. Wani dillali ya gani ya taya naira dubu hamsin nan take, kuma kullum sai ya aiko. Bakin tulun ya ɗan ɓalle, maigidana ya ce a liƙe shi da gam kafin a sayar. In sayar? Daga wata ɗiyarka a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki dakata da sayarwa, ki kuma ba maigida haƙuri ya ajiye gam ɗin. Dillalin da ke sintiri a kan tulu mai ɓallallen baki ya ga abin da ba ki gani ba tukuna.

Yadda kika siffanta shi, ya yi kama da aikin cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja. Tsohuwar Abuja nake nufi, wadda ta koma Suleja bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birni. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar a farkon shekarun 1950 a ƙarƙashin gwamnatin Arewa, kuma hatiminta kalmar Abuja ce da haruffan Larabci, ana danna shi a jikin yumɓu tun yana ɗanye. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya ga tukwanen wata maginiya 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali. Ita ce Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko, an baje aikinta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Nauyin da kika ji ma shaida ne. Tulunmu na gargajiya a fili ake gasa shi da itace da ciyawa, jikinsa na tsatstsafo, shi ya sa ruwa ke sanyi a ciki. Na Abuja kuwa ana shafa masa ruwan ƙyalli, a gasa a rufaffen murhu da zafin da ya haura digiri 1,200, sai ya fito da tauri kamar dutse. Ba ya sanyaya ruwa, ba ya ɗaukuwa a ka zuwa rafi. Kayan ado ne, kuma manyan ma'aikata da Turawa ne suka fi saye, don haka ban yi mamakin ganinsa a gidan tsohon ma'aikacin Kaduna ba.

Sai dai kada ki yi saurin cewa na Ladi Kwali ne. Hatimin Abuja cibiya kawai yake nunawa. Magina da yawa sun yi aiki a wurin, cikinsu har da mata irin su Halima Audu da Asibi Ido, kuma zanen ƙadangare da kunama da hawainiya da kada gadon Gbagyi ne, ba na mutum ɗaya ba. Ki kwantar da tulun a kan katifa, ki haska tocila a gefen hatimin, ki duba ko akwai alama ta biyu. Ta Ladi Kwali haruffan boko ne guda biyu, LK. In kin same su, to maganar dubu hamsin ta zama wasa, domin aikinta yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, kuma manyan gidajen gwanjo na can suna sayar da shi. In wasu haruffan kika gani, har yanzu kaya ne mai daraja, kuma ni a ganina an daɗe ana tauye wa sauran matan nan haƙƙinsu.

Haruffa biyu kowa na iya karce su a yumɓu, masu saye na gaske sun san haka. Abin da ya fi wuyar ƙirƙira shi ne asalin kaya: wa ya saya, a ina, yaushe. Ki je wurin tsofaffin gidanku tun suna da rai, ki tambaye su yadda tulun ya shigo gida, ki rubuta. Ki binciki akwatin takardun marigayi ko akwai rasit ko wasiƙa, da tsofaffin hotunan falo da tulun ya fito a ciki. Hoto guda na shekarun 1960 na iya ɗaga darajarsa fiye da duk wani bayanin dillali.

Ɓallin bakin yana rage farashi, amma gam na kasuwa ya fi ragewa, don yana shiga jikin yumɓu, cire shi kuma sai da ɓarna. In guntun yana nan, ki naɗe shi a tsumma ki adana. Ƙura kawai za ki share da busasshen ƙyalle mai laushi, ba soson ƙarfe, ba omo. In za ki ɗaga, ki rungumi cikinsa da hannu biyu, kada ki kama wuya. Daga nan ki ɗauki hotuna ki kai wa ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna su duba. Ko da za a fitar da shi waje wata rana, ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ake neman takardar izini.

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta bar mana awarwaro na gilashi masu duhu da ɗigon launi, ta ce daga ƙasar Nufawa aka kawo su. Suna da wata daraja? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifiya. Alamu sun nuna aikin Masaga ne, unguwar masu narka gilashi a Bida. A da su da kansu suke haɗa gilashinsu da yashi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe, kuma fatake sun yi ta yawo da awarwaron da duwatsun wuya har ƙasar Hausa. Ka ɗaga ɗaya a hasken rana: aikin hannu ba ya zama daidai wa daida, za ka ga kauri a wani gefe, da 'yan kumfa a ciki. Kuɗinsu a kasuwa bai taka kara ya karya ba, don an yi su da yawa. Kada ka raba su ɗai-ɗai, sun fi daraja a haɗe, kuma ka sa tsumma a tsakaninsu don gogayya ce ke cinye su.