Yadda sansanin masu haƙar zinariya ya zama Johannesburg

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne cewa Johannesburg, a Afirka ta Kudu, ta faro ne daga sansanin masu haƙar zinariya. Gaskiya ne. A shekarar 1886 aka gano zinariya a gonar Langlaagte da ke tudun Witwatersrand, kuma wani mai neman zinariya, George Harrison, ake jingina wa wannan gano. Nan da nan mutane suka yi ta kwararowa da amalanken shanu, suka kafa tantuna da bukkoki, mafi shahara daga cikin matsugunan shi ne wanda ya ɗauki sunan Kanar Ignatius Ferreira.

A watan Satumba na shekarar, gwamnatin Paul Kruger, shugaban ƙasar Transvaal a lokacin, ta buɗe gonakin yankin ga masu haƙa, sannan ta zaɓi Randjeslaagte, wani ragowar fili da ya faɗa tsakanin gonaki, domin a shata gari. An fara gwanjon filaye a watan Disamba.

Abin da ya bambanta wannan sansani, a ganina, shi ne yanayin zinariyar kanta. Ba a rairayin rafi take ba balle mutum ɗaya ya tace ta da kwano. Tana cikin dutse ne, ƙanƙanuwa, tana kuma nutsawa can cikin ƙasa, saboda haka sai mai jari da injuna da ɗimbin leburori ke iya cin moriyarta. Da aka kai ga dutse mai taurin sakin zinariya, harkar ta kusa durƙushewa, sai hanyar tacewa da sinadarin sayanaid ta ceto ta daga 1890. Jirgin ƙasa daga yankin Cape ya iso a 1892.