Ɗan majalisarmu ya kai ƙudirin boda, in ci bashi in ƙara jari?

Wani Alhaji daga Katsina ne ya turo min saƙo. Sana'arsa yana saro sabulu, taliya, bokitan roba da takalma a Kano ya kai Maraɗi ta hanyar Jibiya. Ya ce ɗan majalisar tarayya na yankinsu ya gabatar da ƙudiri a rage shingayen kan hanya, a ƙara jami'an tsaro, a sauƙaƙa wa 'yan kasuwar boda, kuma majalisa ta amince. Jarinsa naira miliyan 4 ne, wani zai ba shi bashin miliyan 6 na wata shida, yana so ya kama sito a Magama, garin bakin boda kusa da Jibiya, ya cika shi kafin kowa ya farga. Wai ya karɓa?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Dan Allah kada ka karɓi kuɗin nan saboda wannan ƙudirin, bari in faɗa maka dalili.

Abin da ɗan majalisarku ya yi abu ne mai kyau kuma aikinsa kenan, amma akwai bambanci tsakanin ƙudirin da majalisa ke amincewa da shi a zama ɗaya da kuma dokar da sai an yi mata karatu uku, ta wuce majalisar wakilai da ta dattawa, shugaban ƙasa ya sa hannu. Na farkon kira ne kawai ga gwamnati, in ta ga dama ta yi in ba ta ga dama ba shikenan. Jami'in da ke tsaye a bakin boda ba labarin rediyo yake aiki da shi ba, takardar umarni daga hedikwatarsu ta Abuja yake jira. Ka tuna watan Nuwamban 2019 da kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka? Majalisar wakilai ta yi kira a janye tun lokacin, amma mutanen Jibiya da Illela da Maigatari haka suka yi shekaru suna sayen mai a galan wajen 'yan bumburutu, har sai da majalisa ta sake yin wannan kiran a 2023. Wanda ya ci bashi ya gyara gidan mansa a kan kiran farko kaga ai ya shiga uku.

Kuma boda ba a hannun majalisa take ba. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, da aka tashi buɗewa a Disamban 2020 Illela da Maigatari da Seme da Mfum aka buɗe, ita Jibiyar taku sai Afrilun 2022. Ba a daɗe da shan iska ba sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa. Sanatoci, musamman na Arewa, sun tsaya sun ƙi yarda a kai wa Nijar yaƙi, wannan tsayuwar ta yi mana amfani wallahi, amma duk da haka boda ba ta buɗu ba sai Maris 2024. A wannan rufewar akwai wani da nake duba wa lissafinsa, katan-katan na taliya da madarar gari ya jibge a sito na kuɗin mutane, na je na gani da idona, na ƙasa duk danshi ya jiƙa su kwalin ya manne da siminti, kwanan watan lalacewa na ta matsowa, ƙarshe a kasuwar gida ya karyar da su ƙasa da yadda ya saro, mai bashi kuma bai rage masa ko kwabo ba.

Sannan ɗayan ɓangaren fa? Ɗan majalisarku ba shi da ta cewa a Dan Isa, garin bakin boda na ɓangaren Nijar, ko Maraɗi. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, ita da Mali da Burkina Faso sun sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje, a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa, a Mayun 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi gab da babbar Sallah. Wannan ya shafe ka kai tsaye ko da ba hatsi kake yi ba, domin yawancin masu sayen sabulunka da abin da suka sayar mana suke samun nairar biyanka, in an toshe musu wannan sai ciniki ya yi sanyi, sai kuma a fara roƙonka bashi.

Ga maganar canji, wadda ita ce ta fi cin 'yan kasuwar boda ba su sani ba. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta tana hawa tana sauka. A ce ka ba da kayan jaka dubu bashi (jaka ɗaya sefa dubu ce) ranar da jaka take naira 2,600, da aka zo biyanka bayan wata guda ta koma 2,400, naira dubu 200 sun tafi kenan ba ɓarawo ba gobara. In bashi za ka bayar a yanke kuɗin da naira, in da sefa aka biya ka to ka canza a ranar, kada ka ajiye kana jiran ta tashi da kuɗin da ba naka ba.

Shawarata, sito a Magama ka ɗan dakata, kaya su zauna a Kano ko cikin Katsina inda in hanya ta rufe kana da wata kasuwar. Ka ci gaba da juya miliyan huɗunka, maimakon lodi ɗaya babba ka riƙa yin ƙanana akai-akai, ka raba kaya a mota biyu, tafiyar rana, kuɗi kuma ta banki ko ta amintaccen ɗan canji, ba a aljihu ba. In mai kuɗin nan da gaske yake, ku yi haɗin gwiwa da miliyan 2 tukuna, riba a raba asara a raba, a rubuce da shaidu. Takardun kwastam kuma ka cika su ko da kana ganin ɓata lokaci ne, wanda ya bi barauniyar hanya in aka kama kayansa ko ɗan majalisa ba zai iya buɗe baki a kansa ba.

Yadda za ka gane ƙudirin ya fara aiki ba wuya. Ka je tasha ka tambayi direbobin Jibiya, shinge nawa suka wuce yau, nawa suka bayar, ƙarfe nawa suke daina tafiya saboda 'yan bindiga. In wata biyu uku a jere amsar tana sauƙi, kuma ejan ɗinka mai yi maka takardun kwastam ya nuna maka takardar umarnin da ta fito, to lokacin sai mu zauna maganar ƙarin jari.

Shi kuma ɗan majalisar kada ku bar shi haka, akwai abin da yake da iko a kai sosai. Kwamitin majalisa na iya gayyatar shugabannin hukumomi su zo su yi bayani, ana iya sa kuɗin hanya da na tsaro a kasafi, akwai kuma kwamitin karɓar koken jama'a. Amma "ana takura mana" kawai ba ta isa hujja ba. Ku sa yaran mota su riƙe littafi wata ɗaya, kowace tafiya a rubuta rana, wurin shingen, minti nawa aka tsaya, nawa aka karɓa, da rasit ko babu. Ku haɗa na mutum ashirin ko talatin, shugaban ƙungiyarku ya sa hannu, ku kai ofishin mazaɓarsa ku karɓi shaidar an karɓa, kwafi ɗaya kuma ku riƙe a hannunku.