Me ya haɗa dokar shara da maganin da ya daina aiki?

Tambaya: Likita, ina kiwon kaji a Samaru. Na ji ana cewa tsaurara dokar zubar da shara zai rage matsalar magungunan kashe ƙwayoyin cuta da suka daina aiki. Ni a sanina laifin masu shan kafso barkatai ne. Ina ruwan bola a ciki?

Amsa: Malam, masu sayen kafso biyu a kemis su haɗiya suna da nasu laifin, amma maganar ba ta tsaya a kansu ba. Maganin da mutum ko kaza ta sha ba duka jiki ke narkarwa ba, wani kaso yana fita ta fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa. Daga nan sai kwata, sai rafi. A can yake tarar da ƙwayoyin bakteriya, kuma tunda ya tsinke ba zai iya kashe su duka ba. Raunana su mutu, masu taurin kai su hayayyafa, har su riƙa miƙa wa wasu jinsin wannan taurin kan. To ka duba lambunan bakin kogin Kubanni a Zariya, inda ake ban ruwa ga latas da kabeji da za a ci ɗanye.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bijirewar bakteriya ga magani. A Patancheru kusa da Hyderabad ta Indiya kuwa, a wani binciken da aka buga a 2007 an auna ruwan da ke fitowa daga masana'antun magani, aka samu maganin kashe bakteriya na ciprofloxacin a ciki ya fi wanda ke jinin majinyacin da ke shan sa. Sai a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar farko kan irin wannan ruwa.

Mu ba hukumomi muka rasa ba. Akwai hukumar tilasta dokokin muhalli ta ƙasa NESREA tun 2007, akwai hukumar kare muhalli KEPA a jihar Kaduna, NAFDAC kuma ita ke lalata maganin da ya lalace. A ganina inda gizo ke saƙa shi ne hankalinmu ya fi karkata ga sharar da ido ke gani, leda da robobi, alhali ruwan da ke fita daga asibiti da mahauta da gidan gona shi ya fi buƙatar a tilasta tace shi, a kuma riƙa auna shi.

Kai ma dokar ta shafe ka. Kashin kajin da aka ɗura wa maganin kashe bakteriya irin oxytetracycline, in ka sayar wa mai lambu ɗanye, ka sayar masa har da ƙwayoyin bakteriya masu taurin kai. Tara shi ya ruɓe sosai ya yi zafi tukuna. Ragowar magani kuma kada ka juye a kwata, ka tambayi likitan dabbobinka inda ake mayar da shi.