Kafin ki cire ta daga SS2 ki kawo ta Ingila, ki fara duba watan haihuwarta

Wa'alaikumussalam ƙanwata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, aikin dare nake yi satin nan shi yasa ban samu na zauna na amsa miki ba sai yanzu. Allah ya sanya alheri a aikin da Baban yara ya samu, ya sa ku shigo a sa'a. Kince kuna sa ran tahowa ku duka wajen Disamba, babbar taki tana SS2 ta cika 15 a Nuwamban da ya wuce kuma likita take so ta zama, ƙaninta yana JSS2 ya cika 13 a Fabrairu, kina tambaya wane darussa zasu zaɓa kuma me ake nema kafin a ɗauke su. Zan faɗa miki duka, amma ba da darussan zan fara ba, dan abinda ya tsaya min a rai tunda na karanta saƙon shine Disambar nan da kika ambata.

Kinga nan ba a saka yaro aji dan ƙoƙarinsa, ranar haihuwa kawai ake dubawa. Duk yaran da aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta ajinsu ɗaya, babu tsallake aji dan yaro yana da kai, maimaita aji ma da wuya su yarda. To ƴarki a lissafinsu yanzu haka ƴar aji 10 ce, idan kuka sauka a Disamba aji 11 zasu jefa ta, kuma aji 11 shine ajin da ake zana GCSE, jarrabawar su mai kama da WAEC, a watan Mayu da Yuni. GCSE ɗin nan karatun shekara biyu ne, aji 10 da 11, tun farkon aji 10 yaran suke kan littattafan da za a tambaye su. A adabin Turanci kaɗai akwai wasan Shekspiya guda, da littafin labari na ƙarni na 19, da tarin waƙoƙi, kuma ba a shiga da littafi ɗakin jarrabawa sai abinda yaro ya riƙe a ka. Ki ƙara da cewa samun makarantar ma ba rana ɗaya bane, sai kun kama gida kuna da adireshi, ki cike fom a kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, a jira aga wace makaranta ke da gurbi, makarantu kuwa basa ɗokin karɓar yaro a tsakiyar aji 11. Kafin ta zauna a aji ana iya kaiwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu. Wata uku ya rage mata kenan ta haɗiye karatun shekara biyu, ga sanyi ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma ga Turancinsu da sai kunne ya saba.

Ba labari aka bani ba, a kan babban ɗana na gani. A Janairu muka shigo yana aji 11, yaron da a gida shi ke koya wa ƴan ajinsu lissafi. Ashe a lissafi da kimiyya takardar jarrabawa iri biyu ce, akwai ƙarama akwai babba. Makin GCSE daga 9 ne zuwa 1, 9 ne ƙololuwa, 4 shine ka ci da kyar, 5 ka ci da ɗan ƙarfi. Ƙaramar takardar komai ƙoƙarin yaro, ko ya cinye duk tambayoyin, a 5 zai tsaya. Makarantar da yake suka ga baƙo ne basu san shi ba suka rubuta shi a ƙaramar, ni kuma ban ma san akwai wannan rabe-raben ba, shi kuma sai ya dawo yana ce min Mama lissafinsu fa sauƙi ne dashi, ina ta murna wlh. Sai da rizol ya fito a Agusta ya kawo 5 ɗinsa cif, muka je neman A-level, wato karatun aji 12 da 13 da ake shiga jami'a dashi, a lissafi aka ce 7 suke nema. Shekara guda ya ƙara kafin ya gyara. Dan haka ko wane ɗa zaki saka, satin farko ki je da kanki ki tambayi malamin lissafi da na kimiyya wace takarda aka sa shi, kar ki ji kunya, iyayen nan ba kunyar malamai suke ba.

Shawarata akan yarinyar, in akwai wanda hankalinki ya kwanta dashi da zata zauna a wajensa, ki barta ta ƙarasa SS3 ta zana WAEC ɗinta. Ki duba yadda lissafin ya faɗo daidai, SS3 ɗinta shine aji 11 na sa'o'inta a nan, lokacin da suke zana GCSE ita tana zana WAEC, sai ta taho a Yuli ko farkon Agusta ta shiga aji 12 tare dasu a Satumba bata yi asarar komai ba. Ana kallon WAEC kusan a matsayin GCSE, akwai ofishin da ake kira UK ENIC da ke bada takardar da ke nuna daidai da me shaidarka take a nan, wasu makarantun zasu nema wasu kuma su ce dai ta zo suyi mata gwaji. Abu biyu ki kiyaye, bizarta ta masu bin iyaye dole a nema kafin ta cika 18, sannan neman gurbin aji 12 tun kaka ake fara shi zuwa wajen Janairu kuma kai tsaye ake nema a makarantar ko kwalejin, to da kin sauka ki fara zagawa kina nema mata tun tana can. In kuma da hali ta haɗa da IGCSE, wato GCSE ɗin da ake zanawa a ƙasashen waje, na Turanci da lissafi, British Council na shirya shi a Najeriya, wannan yana rage dogon bayani da yawa. Nasan raba uwa da ƴa budurwa wata bakwai ba ƙaramin abu bane, in kinga zuciyarki ba zata iya ba to ku matso da tafiyar ta fara aji 11 tun ranar farko a Satumba, ko ki roƙi makaranta ta mayar da ita aji 10, wasu shugabannin makarantu suna yarda amma ganin damarsu ne. Disamba dai ita ce mafi muni a cikinsu duka.

To yanzu darussan. Aji 12 da 13 shi suke kira siks fom, kuma a nan ne kan mutanenmu yake ɗaurewa, mu da muka saba da darasi takwas tara a WAEC sai aka ce mana uku kacal yaro zai ɗauka shekara biyu. Baban yarana sai da ya ce wai wannan ai wasa ne a ƙara masa ko biyu. Ba wasa bane, zurfinsu ya kai abinda ake yi a shekarar farko ta jami'a a gida, kuma jami'o'i akan uku suke bada sharaɗi, A uku sun fi B huɗu amfani nesa ba kusa ba. Masu ɗaukar huɗu yawanci masu son lissafi ne da suke ƙara lissafi mai zurfi. Yawancin makarantu kafin su ɗauke ta suna so suga darasi biyar da 4 ko 5 zuwa sama har da Turanci da lissafi, sannan 6 a darasin da zata ɗauka, lissafi kuma sau da yawa 7. Wanda bai samu 4 a Turanci ko lissafi ba dole ya cigaba da karanta su yana sake zanawa, ko me ya zaɓa.

Tunda likitanci take so, daga can zaki faro ki gangaro baya. Kemistiri kusan duk makarantun likitanci suna nemansa, bayoloji ma da yawansu, to waɗannan biyun babu ciniki. Na ukun ne ake da zaɓi, kuma mutane suna ɗauka dole sai fiziks ko lissafi, ba haka bane a yawancin jami'o'i, abinda suke so AAA ne wasu har da A mai tauraro. Ni dai in yarinya tana jin lissafi sai nace ta ɗauka, saboda yaran nan suna canza ra'ayi, yau likita gobe injiniya jibi kwamfuta, kuma duk wanda ya ajiye lissafi a aji 12 ya yi sallama da injiniyanci da tattalin arziki a manyan jami'o'i. Amma in lissafin da kyar take jansa, kar ki matsa mata dan a ce ƴar wance tana mas, gara ta ɗauki jogarafi ko tarihi ko ilimin halayyar ɗan Adam ta kawo A. Sannan ki buɗe ido a kwaleji, suna yawan tura baƙin yara BTEC, wato kwas ɗin koyon sana'a, na kiwon lafiya da kula da jama'a, sunan yayi kama da abinda kike nema sai ki sa hannu. Kwas ne mai kyau, da shi ake shiga nas da ungozoma a jami'o'i da dama, babbar difilomarsa daidai take da A-level uku, haka wani kwas ɗin sana'ar, T Level, da suka fara a 2020 mai haɗe da zuwa wajen aiki na kwana 45. Amma mafi yawan makarantun likitanci basa karɓarsu, in ta shiga sai an yi dogon zagaye.

Wani abun da ba a gaya mana da wuri shine saurin abin. Ta UCAS ake neman jami'a, kamar JAMB ɗinmu ce wajen cike fom, zaɓi biyar, amma likitanci huɗu kawai aka yarda ki saka a ciki, kuma ana rufewa 15 ga Oktoba na aji 13, sauran kwasa-kwasai ne suke kaiwa Janairu. Kinga wata 13 kenan da fara karatunta. Lokacin bata zana A-level ba ma, da makin hasashe ake nema, wato malamanta ne zasu rubuta abinda suke ganin zata samu bisa jarrabawar ƙarshen aji 12, dan haka aji 12 ba shekarar sabawa da gari bace, in ta yi sanyi a nan malami ya rubuta mata B da wuya a ko kira ta intabiyu. A hutun tsakanin aji 12 da 13 kuma zata zana UCAT, jarrabawar tantance masu neman likitanci, ga son da suke suga ta taɓa aikin sa kai a gidan tsofaffi ko asibiti ko makamancin haka.

Maganar kuɗi kuma gara ki ji ta tun yanzu. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yaranku har su gama aji 13, amma jami'a wani zance ne. Ƴan ƙasa sun biya fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025 kuma gwamnati ke basu bashi, kafin a lissafa yaro a cikinsu sai ya yi shekara uku a nan kuma yana da takardar zaman dindindin, ita kuma a bizar aiki sai bayan shekara biyar, a 2025 ma gwamnati ta fara maganar tsawaita ta. To ƴarki lokacin da zata shiga jami'a a matsayin ƴar waje za a caje ta, likitanci a wasu jami'o'in ya haura fam 40,000 a shekara, kuma guraben ƴan waje a likitanci ƙayyadaddu ne. Na san iyalai da yaran suka gama A-level suka yi aiki shekara ɗaya biyu har takarda ta fito, wasu kuma suka tura su karatu wata ƙasar. Ku zauna ke da Babansu ku yi wannan lissafin kafin ku ɗora mata buri.

Shi ƙaramin kam ya taki sa'a, aji 9 zai shiga a Disamba, kuma yawancin makarantu tsakanin Janairu da Maris na aji 9 ake zaɓen darussan GCSE, duk da wasu tun aji 8 suke yi, ki tambaya kafin ki karɓi gurbin. Turanci da adabi da lissafi da kimiyya dole ne, sai ya ƙara uku ko huɗu da kansa. In yana da kai a kimiyya ki nema masa wadda ake raba bayoloji da kemistiri da fiziks kowanne da makinsa, haɗaɗɗiyar maki biyu take bayarwa, bata hana A-level amma rababbiyar tafi shirya yaro. Babu Hausa a GCSE kar ki wahalar da kanki, akwai Larabci, sai dai ba karatun Islamiyya bane, har da magana da sauraro da rubuta insha'i, na ga yaran da suka haddace izu talatin suka sha mamaki a ciki.

Duk wannan tsarin Ingila na faɗa miki, in asibitin da ya ɗauki Babansu a Sukotland yake ki gaya min dan can nasu daban ne gaba ɗaya. Ki turo min hoton ripot ɗinta na zangon da ya wuce in ga yadda take a kemistiri da lissafi, da sunan garin da zaku zauna. Bari in ɗan kwanta, ƙarfe bakwai zan koma. Ki gaida min Hajiya da yaran.