Amsa ga ƙanena a Samaru kan koyon MRI ta intanet

Wa alaikumus salam ƙanena. Saƙonka ya iso, ka gaida mutanen gida. Ka ce kana aji uku a sashen fiziks na ABU, ranka ya kwanta da fannin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, kana tambaya ko laccocin intanet za su ishe ka ko sai ka zo nan Ingila.

Kada ka jira biza. Kimiyyar nan za ka iya koyonta a ɗakinka na Samaru, muddin ka zauna da biro da takarda, ba ka kwanta kana kallo kamar fim ba.

Fara da furoton ɗin haidurojin, wanda ya cika ruwa da kitsen jikin mutum. In an sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi sai ya riƙa lilo, kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, tana juyi kanta yana kewaye. Saurin lilon shi ne megahaz 42.58 (megahaz ɗaya lilo miliyan ne a daƙiƙa) a kowace tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Ka lissafa da hannunka: na'ura mai tesla 1.5 za ta ba ka kusan megahaz 64, mai tesla 3 kusan 128. Da igiyar rediyo mai wannan mitar ake karkatar da furoton ɗin, a sake su, a saurari abin da suke maidowa. Nan T1 da T2 suka shigo: T1 ma'aunin lokacin da furoton ke ɗauka kafin su koma yadda suke, T2 kuma na lokacin da siginar da suke maidowa ke ɗauka kafin ta dushe. Kitse yana saurin komawa yadda yake, shi ya sa yake fari a hoton T1. Ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa kuwa sai a hoton T2 yake haske. Akwai laccocin marigayi Paul Callaghan na ƙasar New Zealand a YouTube, inda yake nuna wannan da ƙaramar na'ura mai aiki da maganaɗisun duniya kawai. Ka fara da su.

Inda ɗalibai suke tsayawa shi ne yadda siginar ke zama hoto. Masana fiziks Bloch da Purcell sun gano tushen abin tun 1946, amma sai a 1973 Lauterbur ya nuna cewa in aka sa ƙarfin maganaɗisu ya ɗan bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, kowane wuri a jiki zai yi lilo da saurinsa, a gane daga ina sigina ta fito. Mansfield a Nottingham ya samo hanyar yin hakan da sauri, shi da Lauterbur suka raba kyautar Nobel a 2003. Duk wannan lissafin Fourier ne, wanda ke rarrabe sigina zuwa mitocin da ke cikinta. Ka koma littafinka na darasin lissafi, ka maimaita shi har ya zauna maka, domin wanda bai riƙe Fourier ba zai kalli lacca ashirin kan filin k, wato jadawalin siginar da na'urar ke tarawa kafin a maida ita hoto, ya tashi hannu rabbana. Ka sa Python, yaren tsara manhaja, a kwamfutarka, ka ɗauki hoto kowane iri ka juya shi zuwa filin k, ka goge tsakiyar ka maido shi: bakin-bakin abubuwa kaɗai za su rage. Ka goge gefe-gefen, hoton ya dushe. Wannan gwajin ba ya cin data.

Ka sauke bidiyon da dare lokacin da data ke araha, ka samu abokai biyu ku riƙa bita a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim.

Abin da intanet ba za ta ba ka ba shi ne ɗakin na'urar kansa. Maganaɗisun manyan na'urorin, waɗanda ruwan heliyam ke sanyayawa zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. Yana iya fizge almakashi ko tukunyar oksijin daga hannun mutum ya jefa kan majiyyaci. Ka nemi takarda daga malaminka ka je sashen ɗaukar hoto na asibitin koyarwa a Shika, ka roƙi a bar ka ka zauna kusa da masu aikin, ka ji tambayoyin da suke yi wa majiyyaci kan ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya.

Lacca kuma ba ta ba da lasisin taɓa majiyyaci, nan ko a gida. Ka gama digirinka da sakamako mai kyau, sai mu duba digiri na biyu a fiziks na asibiti. Kafin nan, turo min hotunan da ka samu daga gwajin filin k, in duba.